Kalmar "quaint": yadda gwaninta ta koma tsohon yayi

Wata malamar Turanci a makarantar sakandare ce ta aiko da wannan tambaya: "Malam, muna karanta wasan The Tempest da ɗalibaina, sai muka zo inda Prospero ya kira hadiminsa 'my quaint Ariel'. Ƙamus ɗin da ke hannunmu ya ce quaint na nufin abu irin na da mai ban sha'awa. Wata ɗaliba ta ce, to ta yaya aljani mai tashi sama, mai rikiɗa yadda ya so, zai zama tsohon yayi? Na rasa abin da zan ce mata. Mene ne asalin kalmar? Kuma idan Bature ya ce abu quaint ne, yabo ne ko raini?"

Malama, ki gaishe mini da wannan ɗaliba, domin kunnenta ya kama abin da ƙaramin ƙamus ba ya iya faɗa. Ƙamus ɗinku bai yi kuskure ba, ma'anar yau ya ba ku. Amma Shakespeare ya rubuta wasan nan wajen shekarar 1611, kuma a lokacin babu wanda zai ji quaint ya tuna da tsohon abu. Abin da mutanen Landan za su ji shi ne gwaninta, da dabara, da kyan tsari. Ma'anar tsohon yayi sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta samu gindin zama, kusan shekara ɗari biyu bayan Shakespeare ya ajiye alƙalami. Bari in bi da ke hanyar da kalmar ta biyo, domin a kan hanyar ne amsar tambayarki ta biyu take.

Da farko, furuci. Gaɓa ɗaya ce, ana cewa "kweint", tana tafiya da paint da saint.

Asalinta daga Latin ne. Akwai aikatau "cognoscere", wato sani ko ganewa, kuma daga gare shi aka samu "cognitus", abin da aka sani, sananne. Da Latin ya daɗe a bakin mutanen ƙasar da ta zama Faransa, kalmomi suka yi ta lauyewa suna gajarcewa. Yadda "punctum" ya koma point, haka "cognitus" ya koma "cointe". A nan ne sauyi na farko ya faru, kuma Bahaushe zai gane shi nan take: kalmar ta tashi daga sananne ta koma masani. Wanda aka sani ya zama wanda ya sani. A tsohon Faransanci, mutum "cointe" shi ne wayayye, mai fasaha, wanda ya iya magana, ya iya shiga, ya san yadda ake zama a fada. Masana asalin kalmomi suna ganin wata kalmar Latin mai kama da ita, "comptus", wadda ke nufin wanda ya yi ado ya gyara gashinsa, ta cakuɗa da ita a bakin mutane, shi ya sa ma'anar kwalliya ta shigo da wuri haka.

Yadda ta tsallaka teku kuwa sananne ne. A 1066 William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen sarauta da kotu da manyan gidaje har kusan shekara ɗari uku. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi. A cikin wannan dogon zama dubban kalmomin Faransanci suka shige Ingilishi, musamman na mulki, da shari'a, da abinci, da tufafi. Tamu ta bayyana a rubutun Ingilishi a farkon ƙarni na 13. Ba ta da tsayayyen rubutu a lokacin, za ki gan ta a matsayin cointe, ko queinte, ko queynte. Faransawa daga baya sun yar da ita, sai 'yar'uwarta "accointance" ta rage musu, Turawan Ingila kuwa suka riƙe.

Ɗalibanki sun riga sun san danginta ba tare da sun lura ba. Acquaint da acquaintance uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da quaint, kuma su har yau suna riƙe da ma'anar sani: acquaintance shi ne wanda kuka yi sanayya da shi. Recognise ma daga "cognoscere" ya fito. Idan aka ƙara zurfafawa, har kalmar know ta Ingilishi saiwarta ɗaya da ta Latin ɗin, kuma wancan harafin k da ba a furtawa yau, a zamanin Chaucer, shahararren marubucin waƙoƙin Ingilishi, ana furta shi sarai.

Wurin Chaucer, wanda ya rasu a 1400, nake so mu ɗan daɗe, saboda akwai wani baiti nasa da nake jin daɗin nuna wa ɗalibai. A cikin The Canterbury Tales akwai labarin wani baƙo da ya zo fadar wani sarki da kyautai na ban mamaki, ciki har da madubi mai nuna abin da ke tafe. Jama'ar fada suka taru suna muhawara a kan yadda aka ƙera shi. Wasu suka ce ai babu sihiri a ciki, lissafin kusurwa ne da yadda haske ke komawa, suka ambaci masanan da suka yi rubutu a kan "queynte mirours". Sunan farko da suka kira shi ne Alocen. Wannan Alocen ba kowa ba ne illa Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, mai littafin Kitab al-Manazir a kan haske da gani, wanda aka fassara zuwa Latin Turai ta yi ƙarnoni tana karatu a kansa. To ki duba inda kalmar ta zauna a wannan baiti. Madubi "queynte" shi ne na'urar da ta fi kowace ci gaba, ƙololuwar fasahar da mutanen wancan zamani suka sani. Da a yau ne, irin kalmar da za a faɗa wa sabuwar kwamfuta ke nan. Kalmar da yanzu ake jifan tsohon abu da ita, da can ita ce kirarin sabon abu.

Amma tun a lokacin tana da wata fuska. Mai fasaha ana yaba masa, ana kuma tsoronsa. Chaucer ya kira ɗaliban ilimi "queynte" da nufin masu wayo, masu iya zagaye mutum. Ingilishi ya yi wa kalmomi da dama irin wannan: cunning daga sani ya fito, crafty daga sana'a, artful daga fasaha, dukkansu suka ƙare a kan makirci. Mu ma muna da shi. Ki ce yaro yana da wayo, yabo ne, ki ce wane ya yi mini wayo, ƙara ce. Akwai kuma salon magana na wancan zamani, "make it queynte", wato mutum ya riƙa jan aji yana yanga, ya mayar da abu mai sauƙi ya zama aiki. Kalmarmu ta iyayi ta bi wannan hanyar sak: iya yi ne fa, gwaninta ce, amma da ta yi yawa sai ta zama abin zargi.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai idan wata rana kin kai ga karanta Chaucer da manyan ɗalibai. Ba kowace "queynte" ce tamu ba. Akwai wadda ta fito daga quench, wato kashe wuta, kuma rubutunsu ɗaya, sai jimla ta raba. Sannan akwai wuraren da ya yi wasa da kalmar ta hanyar batsa, wanda ba zan kawo a nan ba. Ki dai duba shafi kafin ki sa a karanta shi da ƙarfi a aji.

Yanzu mu zo ga Shakespeare. Ki koma ki duba abin da ya faru kafin layin da ya tsayar da ku. Prospero ya umarci Ariel ya je ya rikiɗa ya zama kamar 'yar ruwa, kada kowa ya gan shi sai ubangidansa. Ariel ya tafi, ya dawo cikin sabuwar siffar, ba ɓata lokaci. Ganin haka ne Prospero ya yaba da siffar, ya ce "my quaint Ariel". Ma'ana biyu ne suka haɗu a wurin: gwanin dabara wanda ya iya aikin da aka sa shi, da kuma mai kyan siffa, ɗan tsaf-tsaf. Babu ko ƙanshin tsufa a ciki.

Idan ɗalibai suna son ƙarin hujja, akwai wadda ta fi wannan fitowa fili a wani wasan nasa, The Taming of the Shrew. Tela ya kawo wa Katherina sabuwar riga, mijinta yana ta kushe ɗinkin, ita kuwa ta ce ba ta taɓa ganin riga mai kyan yayi, wadda ta fi wannan zama "quaint" ba. Riga ce da ta fito daga hannun tela a ranar, ɗinkin da ake yayi. Ki kwatanta musu da babbar riga mai aska takwas da ta fito daga hannun gwanin mai ɗinkin hannu, wadda mutum zai tsaya yana bin zaren da ido yana mamakin haƙurin da aka zuba. Wannan mamakin na aikin da aka ƙawata shi ne zuciyar kalmar a zamanin Shakespeare.

To ta yaya aka tashi daga nan aka kai ga tsohon yayi? Ba a dare ɗaya ba, kuma ni a ganina matakin tsakiya shi ne ya fi muhimmanci, shi ne kuma ƙananan ƙamusoshi ke tsallakewa.

Abin da aka ƙawata ƙwarai ya bambanta da na yau da kullum, saboda haka tun da wuri kalmar ta ɗauki ma'anar baƙon abu, wanda ba a saba gani ba. Daga nan sai ɗanɗanon Turawan Ingila ya sauya. Marubutan ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17 suna son magana mai lanƙwasa, kwatance a kan kwatance, wasa da kalma a kowane layi. Bayan 1660 sai aka koma son magana miƙaƙƙiya, mai tsabta, wadda ba ta da tarkace. Jikoki suka buɗe littattafan kakanninsu suka ga ado ya yi yawa, garin gyaran gira an kusa rasa ido. Kalmar da kakannin suka yabi salonsu da ita, da ita jikokin suka kushe shi. A ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, ma'anonin da za ki tarar sun karkata ga ƙaƙale da tsanantawa a kan ƙananan abubuwa da feleƙe. Ki lura, kalmar ba ta motsa daga kan abin da take nunawa ba. Tana nan manne da rigar nan, da salon nan, da ginin nan. Su ne suka tsufa, suka ja ta suka tsufa tare. Zamani riga ne, in ji Hausawa, kuma wannan kalma ta ga an tuɓe rigar da aka ɗinka ta dominta.

Mataki na ƙarshe shi ne da ƙyamar ta juye ta zama sha'awa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 18 Ingila ta fara sauyawa da sauri: masana'antu, injinan saƙa, garuruwa irin su Manchester suna kumbura da hayaƙi. Mutanen da suka sami sukuni suka fara kewar abin da ke ɓacewa. Aka shiga tattara tsofaffin waƙoƙin baka ana bugawa, aka shiga yawon ƙauyuka da kangayen tsofaffin majami'u ana zana su. Da jirgin ƙasa ya zo, layin Liverpool zuwa Manchester a 1830, sannan Thomas Cook ya shirya tafiyarsa ta farko ta 'yan yawon buɗe ido a 1841, sai kallon tsohon ƙauye ya zama abin da ɗan birni ke biyan kuɗi ya je yi. Yana bukatar kalmar da zai faɗa idan ya ga ƙaramin gida mai rufin ciyawa da lanƙwasasshen lungu, kuma quaint tana nan a ajiye, ta riga ta ƙunshi baƙunta da tsufa. Sai aka ƙara mata daɗi.

Akwai misalin da nake yawan tunawa. A ƙauyen Bibury da ke yankin Cotswolds akwai jerin gidajen dutse da ake kira Arlington Row. An gina wurin a ƙarni na 14 don ajiye ulu, a ƙarni na 17 aka mayar da shi gidajen masaƙa. Mutanen da suka zauna a ciki talakawa ne masu aikin hannu, a ƙananan ɗakuna masu sanyi. Yankin ya tsira da tsohuwar siffarsa ne saboda arzikin saƙa ya ƙaura arewacin Ingila ya bar shi a baya. Yau motocin 'yan yawon buɗe ido ke cika ƙauyen, kuma da wuya ki karanta bayanin wurin ba ki ci karo da quaint ba. Masaƙin da ya kwana a ɗakin bai taɓa kiran gidansa haka ba. Sai wanda ya zo daga waje, ya kalla, zai koma inda ya fito kafin dare.

Wannan ya kawo mu ga tambayarki ta biyu, kuma amsata ita ce: yabo ne, amma yabo daga sama. Mai faɗin kalmar yana tsaye a zamani, abin da yake kallo yana baya. Yana jin daɗinsa da gaske, ba ƙarya yake ba, sai dai jin daɗin wanda ba ya tsoron abin, ba ya kuma bukatarsa. Shi ya sa ake faɗinta ga ƙananan abubuwa: ɗan shago, ɗan ƙauye, wata al'ada ta tsofaffi. Ba a cewa dala ta Masar quaint ce, girmanta ya hana. Mun san irin wannan a gida. Malam da aboki kalmomin girmamawa ne a bakinmu, amma kowa ya san yadda suke sauya nauyi a bakin wasu a Legas. Harafi bai canza ba, matsayin mai magana ne ya canza.

Idan aka faɗe ta ga gini ko wuri, yawanci alheri ake nufi, kuma bai kamata a ɗauke ta da zafi ba. Idan aka faɗe ta ga ra'ayin mutum ko aƙidarsa, to a nan raini ne a fili, ko da an rufe shi da murmushi. Wanda ya ce tunaninki quaint ne yana cewa zamanin tunanin ya wuce, bai ma kai a yi gardama da shi ba. Misali mafi nauyi da na sani ya fito daga Amurka. A ranar 25 ga Janairun 2002, Alberto Gonzales, lauyan fadar White House a lokacin Shugaba George W. Bush, ya rubuta takarda a kan fursunonin da aka kama a Afghanistan. Ya ce sabon salon yaƙin ya sa ƙa'idojin Yarjejeniyar Geneva a kan yi wa fursuna tambayoyi sun zama "obsolete", wasu tanade-tanadenta kuma sun zama "quaint". Don adalci, abubuwan da ya jingina wa kalmar ta biyu ƙanana ne, irin su kantin sayayya na fursunoni da kayan wasanni. Amma da takardar ta fito fili a 2004, wannan kalma ce mutane suka riƙe, kuma ina ganin sun yi daidai. Yarjejeniyar Geneva ɗin ta 1949 an rubuta ta ne bayan abin da aka yi wa fursunoni a Yaƙin Duniya na Biyu. A kira wani sashe nata da kalmar da ake kiran ɗan gidan ƙauye da ita, wannan ya nuna yadda mai rubutun ke kallon dukkan yarjejeniyar.

Ga bambancinta da maƙwabtanta a taƙaice, tunda ɗalibai sukan haɗa su. Obsolete shi ne abin da aka daina amfani da shi kwata-kwata. Archaic ya fi zama ga kalma ko salo na da can. Antique tsohon kaya ne mai daraja da kuɗi. Old-fashioned tsohon yayi ne kawai, yana iya zama yabo ko suka. Quaint ce kaɗai ta haɗa tsufa da baƙunta da ƙanƙanta da ban sha'awa a wuri guda.

Akwai kuma wata kalma da ya kamata ki ajiye kusa da ita a allo, wato uncouth. Ita 'yar asalin tsohon Ingilishi ce, kuma ma'anarta ta farko ita ce wanda ba a sani ba, baƙo. Yau tana nufin bagidaje marar ladabi. Ɗaya ta fara daga sananne, ɗaya daga wanda ba a sani ba, saiwarsu ɗaya can ƙasa, kuma akwai lokacin da duka biyun suke nufin baƙon abu kafin kowace ta kama gabanta. Ɗalibai sukan riƙe wannan fiye da duk wani dogon bayani.

Wajen fassara zuwa Hausa, kada ki wahalar da kanki neman kalma ɗaya, babu ita. Ga ma'anar yau a kan wuri ko kaya, "irin na da mai ban sha'awa" ko "na dauri mai kyan gani" sun wadatar. Ga ra'ayi, "tunanin mutan da" ko "abin da aka daina yayi" sun fi kama rainin da ke ciki. Ki kuma gargaɗi ɗalibanki kada su rubuta wa babba cewa gidansa ko shawararsa quaint ce da nufin yabo, domin ba lallai ya ji ta haka ba. Ga tsofaffin littattafai kuwa, su fara duba shekarar da aka rubuta abin. Idan kafin 1700 ne, su gwada gwaninta, ko dabara, ko ado, ko wayo, ɗaya daga ciki zai zauna. Idan bayan 1800 ne, ma'anar ƙamus ɗinku ce mafi rinjaye. Tsakanin nan sai a bi jimla a hankali.

Layin Prospero kuwa, da ni ne a gaban ajin, ga yadda zan juya shi: "Madalla da wannan siffa! Gwanina Ariel, matso in raɗa maka a kunne."